Yadda Kwamfuta Ta Makarar da Malam Bakwai-da-Rabi

A Malumfashi in ka ce kana neman Malam Isiyaku, sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma in ka ce Malam Bakwai-da-Rabi, ko mai sayar da rake a bakin tasha zai kwatanta maka gidan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hedimasta, kuma duk tsawon shekarun nan ƙarfe bakwai da rabi daidai yake sa a garƙame ƙofar makaranta. Wanda ya zo bayan nan, ɗan mai unguwa ne ko ɗan mai gadi, sai ya tsince takardun filin makaranta kafin ya ga aji. Malam ya yi ritaya, amma halin bai yi ba. In aka gayyace shi ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, da shi ake shimfiɗa tabarmi.

Ranar da ya ajiye aiki, tsofaffin ɗalibansa suka haɗu suka saya masa kwamfuta laftof. Ya kai wa tela ragowar shaddarsa aka ɗinka mata riga. A ciki yake rubuta tarihin makarantun garin, da yatsa biyu, har ya kai babi na tara. Ba mai taɓa ta, ko ƙura sai ta yi dabara.

Matarsa, Hajiya Saude, tana aiki a sashen ajiye bayanan marasa lafiya na wani asibiti. Ta shiga wani kwas na ƙarshen mako kan sarrafa bayanai, sai malaminsu ya ce mako mai zuwa kowa ya zo da kwamfuta mai Linux. Saude ta san mijinta. Ba ta yi maganar da safe ba, ba ta yi da rana ba. Sai ran Asabar bayan la'asar, da ya sha fura ya miƙe ƙafa a tsakar gida, ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, aron wuri nake nema a kwamfutarka."

"Aron wuri ko aron kwamfuta?"

"Wuri kawai. Ka ga babbar manhajar da ke tafiyar da ita, sunanta Windows. Akwai wata kuma, Linux, da ita ake koya mana aiki. Ba sai an cire taka ba. Rumbun ajiyar ne za a yanka biyu, kai da ɓangarenka, ni da nawa. Duk wanda ya kunna sai ta tambaye shi ina zai shiga."

Malam ya naɗe ƙafafunsa.

"Yanka," in ji shi. "Kin ji kalmar da ta fito daga bakinki kuwa? Babi tara ne a ciki, Saude. Ga kuma laccata ta jibi."

Laccar kuwa ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Shugabar wata makarantar sakandaren 'yan mata, Hajiya Lantana, wadda shi ya koya mata baƙi da wasali, ita ta aiko masa da takardar gayyata: ran Litinin ƙarfe goma na safe, ya zo ya yi wa ɗalibai jawabi a kan kiyaye lokaci. Kwana goma yana gyara jawabin nan.

Saude ta ce ba abin da zai taɓa laccar. Ta ɗauko littafin da take rubuta darasi, ta nuna masa matakan aikin, shafi shida, kowane da lamba. Lambobin nan su suka sayo shi, don Malam mutum ne mai girmama duk abin da aka jera bi da bi. Ya kafa sharaɗi uku: a kwafe rubutunsa a filash biyu, ɗaya ya kwana a aljihunsa, a yi aikin a gabansa, kuma a fara gobe Lahadi ƙarfe goma, ba goma da minti ɗaya ba.

Washegari goma saura kwata yana tsaye a kan teburin falo, hannuwa a baya, kamar mai tsaron jarrabawa. Da wayarsa ya duba lokacin, don agogon hannunsa yana wurin mai gyara tun Juma'a, gilashin ya tsage.

Saude ta soka filash ɗin da ta zo da shi daga kwas, ta kunna kwamfutar, ta shiga dannan wani maɓalli a sama ba ƙaƙƙautawa. Windows ta buɗe abinta kamar kullum.

"An gama?" in ji Malam.

"Ba a fara ba. Na makara da dannawa."

"Kin makara," ya maimaita, yana gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo.

A karo na uku ta kama. Wata sabuwar fuska ta bayyana, aka tambayi harshe, aka tambayi gari, Saude tana duba littafinta tana amsawa. Can sai aka zo wani shafi mai zaɓi biyu. Na farko ya ce a girka sabuwar manhajar kusa da wadda ke ciki. Na biyu ya ce a share rumbun gaba ɗaya a fara daga fari. Malam ya sa tabarau ya karanta, sai ya kama gefen teburin.

"Ɗaga hannunki daga wurin nan."

"Malam, na farko zan zaɓa."

"Na sani. Ɗaga tukuna."

Ta ɗaga. Ya karanta zaɓin nan biyu sau uku, ya sa ta karanta da ƙarfi, ya sa ta fassara masa da Hausa duk da ya fi ta Turanci. Sannan ya ɗora yatsarsa a kan gilashin daidai zaɓi na biyu ya rufe shi ruf, ya ce to, yanzu ta danna.

Daga nan aka zo rabon wuri. Kwamfutar ta zana rumbun kamar doguwar gona, da layi a tsakiya wanda ake ja hagu ko dama. Saude ta ajiye layin a tsakiya daidai.

"Rabi?" in ji Malam. "Ke da kika zo jiya? Ina babi na goma zai zauna? Ina na sha ɗaya?"

Saude ta yi ƙoƙarin ta kauce wa maganar, amma ya matsa. Sai ta gaya masa gaskiya: babi taran nan duka, haɗe da laccar, ba su kai nauyin bidiyon sunan jikarsu na minti biyu da aka turo musu a waya ba.

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shekara uku ina rubutu," ya ce a hankali.

Ganin maganar ta taɓa shi, Saude ta ja layin ta bar masa kashi biyu cikin uku, ta ce ai rubutu mai daraja yana son sarari. Ya karɓa ba tare da ya dube ta ba.

Aka danna, wani siririn layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Malam bai zauna ba. Hannunsa ɗaya na cikin aljihu a kan filash, bakinsa na motsi, ba a san ko addu'a yake ko bitar babi na ɗaya ba. Da layin ya kai ƙarshe, Saude ta zare filash ɗinta ta sake kunnawa.

Allon ya yi baƙi, farin rubutu ya fito: Linux a sama, Windows a ƙasa. Can ƙasa kuma lambobi na sauka, goma, tara, takwas.

"Wannan ƙirgen fa?"

"Daƙiƙa goma take ba mutum ya zaɓa. In bai zaɓa ba, sai ta shige na sama abinta."

"Ba ta jira?"

"Ba ta jira."

A karon farko tun safe Malam ya yi murmushi. Ya ce ashe dai akwai tarbiyya a ƙasar da aka yi wannan abu. Ya karɓi kwamfutar ya sauko da zaɓin zuwa Windows da hannunsa, ya buɗe babi taran nan ɗaya bayan ɗaya, ya duba farkon kowane da ƙarshensa. Ko waƙafi bai ɓata ba. Ana haka aka kira azahar, ga kuma baƙi sun yi sallama daga ƙauye. Saude ta dubi littafinta, saura shafi ɗaya, na shida. Ta ce a ranta ƙananan gyare-gyare ne, sa yi wani lokaci. Ta rufe.

Ran Litinin aka tashi da hadari, ana yayyafi. Bayan asuba Saude ta shiga ɓangarenta, ta haɗa kwamfutar da datar wayarta, ta yi aikin kwas na rabin awa, ta kashe, ta tafi asibiti da wayarta. Malam kuwa ya koma ɗaki ya yi abin da ba ya yarda a kira barci, sai dai hutar da ido.

Da ya tashi ya kunna kwamfuta, ya shiga Windows kafin ƙirgen ya kai bakwai. Ya dubi agogon da ke kusurwa: takwas saura minti ashirin. Ya ji daɗi, ashe ɗan kaɗan ya hutar da idon. Rana ba ta fito ba balle inuwa ta ba shi labari. Agogon bangon falo tun bara ya tsaya, ba wanda ya damu, don a gidan nan Malam ake tambaya lokaci. Wayarsa kuma a kashe take, haka yake yi duk ranar da zai yi rubutu ko jawabi.

Ya karya a natse. Ya sake bin laccar, ya canja kalma biyu, ya mayar da ɗaya. Ya yi wanka, ya sa babbar riga ruwan toka, ya karya hula. Tara da rabi daidai a agogon kwamfuta ya kashe ta, ya sa mata rigarta, ya rataya. Tafiyar minti ashirin ce zuwa makarantar, ya auna tun makon jiya.

A bakin layi tela Na'iya ya ɗago daga kan keke.

"Malam, an fasa laccar ne?"

"Wa ya fasa? Yanzu zan je. Da sauran lokaci."

Na'iya ya dubi wayarsa, ya dubi Malam, ya sake duban wayar. Sai ya girgiza ta, ya ajiye, ya ce Allah ya tsare hanya. Wani mai Keke Napep ya tsaya zai rage masa hanya, Malam ya ce ya gode, wanda ya fito da wuri ba ya bukatar taya uku.

Da ya shiga zauren taron sai ya tarar da shi cike maƙil. 'Yan mata a jere cikin fararen hijabai, malamai a gaba, wasu na fifita da takardar shirin taro. Zuciyar Malam ta yi fari. Bai ko zauna ba, ya wuce kai tsaye wurin lasifika.

"Kafin komai," in ji shi, "sai na yaba muku. Shekara arba'in ina zuwa taro a garin nan, yau ne karon farko da na zo na tarar kowa ya riga ni. Hajiya Shugaba, kin yi tarbiyya."

Can baya wata yarinya ta ƙyalƙyale, ta toshe baki da hijabi. Hajiya Lantana ta taso da sauri, ta rage tsawo, ta yi ƙasa da murya.

"Baba Malam, sha ɗaya saura minti goma."

"Goma saura minti goma."

"Sha ɗaya, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon zauren. Ya ce agogon ya yi gaba, a sa masa sabon batir. Ta nuna masa wayarta. Mataimakinta ya miƙo tasa. Malam ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da irin kallon da ya saba yi wa aji in sun haɗa baki.

"To," ya ce, "ni ma ina da shaida."

Ya zare kwamfutar daga rigarta, ya ɗora a teburin manyan baƙi, ya kunna. Allon ya yi baƙi, ƙirge ya fara. Ya laluba aljihun babbar riga, babu tabarau. Ya laluba na kaftani ta ƙarƙashi, hannun rigar ya naɗe masa. Kafin ya ciro tabarau ya maƙala, ƙirgen ya ƙare, kwamfutar ta shige ɓangaren Saude. A saman allon, a tsakiya, inda shugaba da mataimakinta da shi kansa ke kallo, an rubuta goma da minti hamsin da huɗu.

Malam ya daɗe yana duban lambobin nan. Hajiya Lantana, don ta rage masa nauyi, ta ce ai ba wanda ya yi zaton shi ne ya makara. Ita sau uku tana karanta kwafin takardar gayyatar ko ta rubuta sha ɗaya bisa kuskure. Sun kira wayarsa a kashe. Malamin lissafi ma, da goma da rabi ta yi babu Malam, cire agogonsa ya yi ya mayar da shi baya.

Malam ya rufe kwamfutar. Bai nemi laccar da ya yi kwana goma yana gyarawa ba. Ya koma wurin lasifika ya gyara tsayuwa.

"'Ya'yana, na makara. Minti hamsin. Ina da dalili, amma ban taɓa sauraron dalilin iyayenku ba, don haka ba zan sa ku saurari nawa ba."

Daga nan ya yi musu magana ta kamar kwatan awa, da ka, kuma waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin ya yi jawabi mai daɗin wannan ba. Da ya gama bai tsaya shan lemo ba. Ya fita filin makaranta, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya sunkuya ya fara tsintar takardu. Shugaba ta biyo shi tana roƙo, ya ce doka ba ta san furfura ba. Ganin haka 'yan matan suka fito suka taya shi, malamai ma suka ga ba dama. Kafin azahar filin nan ko ledar alewa babu.

Labari ya riga shi isa gida, ya riga shi isa asibiti. Da Saude ta dawo da la'asar ta same shi kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya juya wa ƙofa baya, abincin rana a rufe ba a taɓa ba. Ta shiga ta ɗauko littafinta da kwamfutar, ta buɗe shafi na shida, ta karanta, ta kama haɓa.

"Malam, laifina ne. Ga shi nan a rubuce, shafin da ban kai ba. Wai in an haɗa manhajojin nan biyu sai an daidaita musu agogo, in ba haka ba ɗaya za ta riƙa sauya wa ɗaya lokaci."

"Na ba ki kashi ɗaya cikin uku na rumbuna," in ji Malam, bai juyo ba. "Ban tuna na haɗa miki da awa ɗaya ba."

"Ka yi haƙuri. Yanzu zan gyara."

Ta shiga ɓangarenta, ta kwafi layi ɗaya daga littafin ta rubuta, ta sake kunnawa ta shiga nasa, ta daidaita. Ta juyo da allon ta nuna masa, ta ajiye wayarta a gefe: huɗu da minti ashirin nan, huɗu da minti ashirin can. Ta sake shiga nata ta dawo nasa, agogon bai sauya ba.

Malam ya tashi zaune. Fushi daban, son sanin dalili daban, kuma a wurinsa na biyun ya fi ƙarfi.

"To wace ce ta yi ƙarya a cikinsu?"

"Babu. Agogo ɗaya ne a cikin na'urar, su biyu ke duba shi. Tawa tana saita shi a kan lokacin duniya, in za ta nuna sai ta ƙara awa ɗaya ya zama namu. Taka kuma in ta zo, abin da ta tarar shi take ɗauka lokacin gida. Da akwai data da ta gyara kanta, to na tafi da wayar."

"Lokacin duniya," in ji Malam. "Akwai masu aiki da shi, ko a takarda kawai yake?"

"Akwai mana. Ghana ma a kansa suke."

"Ghana." Ya jawo kwanon abincin kusa, ya buɗe. "Wato lokacin da na shiga zauren nan, a Kumasi ƙarfe nawa?"

"Goma saura minti goma."

"Sake faɗa."

"Goma saura minti goma, Malam."

Ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Fuskarsa ta fara washewa, ya gyara zaman hula.

"Kin gani ko? Takardar gayyata cewa ta yi ƙarfe goma. Ba ta ce goman wace ƙasa ba. Ke nan ƙasa guda cur, da shugabanta da alƙalanta, za su shaida ban makara ba. Gobe zan koma wurin Lantana in yi mata bayani a gaban malamanta, ƙarfe takwas daidai."

Saude ta sa wa kwamfutar rigarta, ta miƙe.

"Ka je, Malam. Sai dai ka yi sammako, don daga Kumasi zuwa Malumfashi akwai 'yar tafiya."